Lambar Bayan Ƙyaure

Kwana arba'in da rasuwar Baffa
muka buɗe ɗakinsa a Kumo.
Tsohon keke, kwalin alli, tabarau mai hannu ɗaya,
sai a bayan ƙyaure, da rubutunsa mai karkata hagu:
510510.

Gidado ya ce bashi ne.
Dija ta ce kuɗin sallamarsa ne da bai fito ba.
Tukur ya danna ta a waya, shiru, ta yi gajarta.
Ni da na gaji allinsa tun yana raye
na jawo kujera.

Dubu ɗari biyar da goma, da ɗari biyar da goma:
baki ya faɗe ta sau biyu kamar mai i'ina.
Wutsiyarta sifiri, cika ce ba mara ba,
biyu ya ratsa ta kamar wuƙa a kabewa.
Na miƙa wa uku rabin, ya raba bai zubar da tsaba ba.
Biyar ta ci nata.
Saura dubu goma sha bakwai da goma sha bakwai,
har yanzu tana nanata kanta.
Bakwai ya shiga, sha ɗaya ya bi sawu.
Ɗari biyu da ashirin da ɗaya ya tsaya yana min kallon raini,
na sa masa sha uku, ya dare,
sha bakwai ta faɗo ita kaɗai
can ƙasa, inda gara ta fara ci.

'Yan gagara, haka Baffa ke kiransu a aji,
waɗanda ba mai raba su sai ɗaya, sai su kansu.
Ga bakwai ɗin farko a jere,
ba a tsallake kowa ba,
ba wanda aka kira sau biyu.
Na ɗaga kai na ƙirga mu a ɗakin.
Na sake ƙirgawa.

Ban ce komai ba tukuna.
Na bi ta ta wata hanyar:
ɗari bakwai da sha huɗu sau ɗari bakwai da sha biyar,
maƙwabta biyu, katanga ɗaya.
Da gona ce, da ta kusa zama murabba'i,
kunya ɗaya tak ta hana,
irin gonarsa ta hanyar Pindiga
da muke ta ɗaga murya a kanta tun ranar uku.

Masu raba ta ɗari da ashirin da takwas ne,
daidai yawan ɓangarorin da 'yan'uwa bakwai za su iya ja:
ni da Dija, Tukur da Bappayo, kowa shi kaɗai,
dukanmu, ko ba kowa.
Ko wanne ya zo, za ta ba shi ba gardama.
In ka tara waɗannan rabe-raben, ban da ita kanta,
sun ninka ta biyu har da ɗoriya.
Mayalwaciya ce, in ji littafi.
Baffa da ya mutu da riga uku ya san haka.

Sai Adda ta goge ƙura da gefen mayafi,
ga wani ɗan rubutu ya kusa shuɗewa:
a ƙara ɗaya.

Na ƙara.
Na ba biyu, saura ɗaya.
Na ba uku, saura ɗaya.
Har sha bakwai, ko wa na ba,
ɗaya na nan zaune, ba ta shiga rabon kowa ba.

A tsakar gida Inna na tsince wake a faifai,
ita da ba wanda ya tambaya
inda za ta zauna in an sayar da gidan.
Gidado ya sa hula ya fita wurinta.
Tukur ya mayar da waya aljihu.

Da dare na gano sha tara tana raba sabuwar lambar.
Ban faɗa musu ba.
Sha tara ba 'yar gidanmu ba ce.